Tsohon Ƙarfe Ko Sabo? Daga Akurba Zuwa Rayfield

Ran wata Alhamis cikin watan Disamba na 2023, hunturu ya riga ya kankama, na sauka a tashar motar Lafiya da la'asar sakaliya, na tari mai babur na ce ya kai ni Akurba. Ba biki ne ya kawo ni ba, ba kuwa ta'aziyya ba. Wani tsohon abokina ne da muka yi makaranta tare ya buga mini waya, ya ce in zo in raba gardama tsakaninsa da ɗansa. Da na tambaye shi ko maganar gado ce ko ta aure, sai ya yi dariya, ya ce maganar ƙarfe ce, in dai zo in gane wa idona.

Akurba tana gabashin garin Lafiya, a kan hanyar da ta nufi Asakiyo da Namu har ta dangana da Shendam. Wanda ya san wurin kafin ran 1 ga Oktoba, 1996, watau ranar da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Nasarawa daga cikin Jihar Filato ta mai da Lafiya babban birni, zai tuna da gonakin doya da rogo da itatuwan mangwaro. Yau gari ya miƙo ƙafa ta wannan hanya, gidan gwamnati da ofisoshi suna gefenta, ma'aikata sun yanki filaye sun yi gine-gine, har mutum ba ya iya cewa ga inda Lafiya ta ƙare ga inda Akurba ta soma. Abin da ya fi fito da sunan wurin shi ne babbar tashar rarraba wutar lantarki wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cikin watan Fabrairu na 2022. Kafin ita, da wani siririn layi daga Akwanga babban birnin jiha guda yake lallaɓawa. Da dare in ka tsaya a ƙofar gidan mai masaukina, kana hango fitilun tashar, kana kuma jin ƙamshin hayaƙin ƙonar daji daga gonakin da suka saura.

Ita kanta Lafiya, wadda ake yi wa laƙabi da Lafiyar Barebari, tarihinta yana komawa ga Muhammadu Dunama da jama'arsa waɗanda asalinsu Barno ne. Marigayi Sarki Isa Mustafa Agwai, Allah ya ji ƙansa, ya riƙe sarautar daga 1974 har 2019, sa'an nan Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, ya gaje shi. A kasuwa kana jin Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani, kowa da harshensa, amma ciniki da Hausa ake ƙulla shi.

Bayan mun yi sallar isha'i, an kawo sakwara da miyar agushi mun ci, sai Alhaji ya shiga ɗaki ya fito da jakunkuna biyu dogaye, ya jingine su a bango. Ɗaya ta fata ce, ta koɗe, an ɗinke maratayinta da zaren dukawa. Ɗayar kuwa sai sheƙi take yi.

Ya ce, "Malam, ga masu ƙara nan, kai ne alƙali."

To, ya kamata in tsaya in yi wa mai karatu bayani, domin wasan golf, wanda wasu gidajen rediyo suke kira ƙwallon lambu, ba wasan da aka saba gani a dandali ba ne. Fili ne mai faɗi ƙwarai, an haƙa ƙananan ramuka 18 a cikinsa nesa da juna, faɗin bakin kowane rami inci huɗu da kwata. Ɗan wasa yana bugun wata 'yar ƙwallo mai tauri, wadda ba ta kai ƙwan kaza ba, daga inda aka tsayar har ya jefa ta rami, sa'an nan ya nufi na gaba. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Kafin mutum ya zagaye ramukan duka ya taka mil huɗu ko biyar. A ƙasar Sikotlan wasan ya girma. A can ne Sarki James na Biyu ya hana shi cikin 1457 domin yana ɗauke wa samari hankali daga koyon harbin baka, a can aka fara rubuta dokokinsa cikin 1744, a filin St Andrews kuma aka tsayar da ramuka 18 cikin 1764. Doka ta ba ɗan wasa damar ɗaukar sanduna 14 kawai, ba ƙari. Daga ciki akwai masu ƙaton kai na bugun nesa, akwai ta gangara ƙwallo cikin rami, amma yawancinsu su ne waɗanda ake kira ƙarafa, masu lamba daga uku zuwa tara, da 'yan ƙannensu na bugun kusa. Kowane ƙarfe kamar fartanya yake, yana da ƙota, da kai, da mariƙi na roba. Fuskar kan tana kwance da baya, an yi mata tsage a jere kamar tsagar Barebari. Gwargwadon kwanciyar fuskar, gwargwadon yadda ƙwallo za ta tashi sama ta faɗi kusa.

Ni dai tun da can ina ɗaukar abin nan wasan masu ƙoshi ne, ban kuwa ɓoye wa Alhaji ba. Ya ce da gaskiyata, amma rabi. Shi ɗan fansho ne. Ya kama aikin gwamnati a Jos cikin 1977, shekara guda bayan an raba Jihar Binuwai da Filato, ya dawo gida da aka ƙirƙiro Nasarawa, ya yi ritaya bayan shekara 35. Likita ya ce masa hawan jini da sukari sun kama shi, lalle ya riƙa tafiya a ƙasa. Shi kuwa ya ce ba zai iya yawo a bakin titi hannu rabbana kamar wanda ya ɓatar da akuya ba, amma in akwai ƙwallo a gabansa, sai ya yini yana bin ta. Saboda haka ƙarafan nan a wurinsa suna cikin magani. Ga shi kuma gwiwar hannunsa ta dama ta soma ciwo, duk ran da ya yi wasa sai ya kwana yana gasa ta da ruwan zafi.

Tsofaffin ƙarafan ya saye su ne cikin 1986 daga hannun wani Baturen injiniya mai aikin kuza. Cikin watan Oktoba na 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan, farashi ya faɗi warwas, sauran Turawan da suka rage a kan dutsen Jos suka shiga ɗaure kaya. Tun a lokacin ƙarafan sun yi shekara goma a hannun mai su. Sababbin kuwa ɗansa ne da yake aiki a Abuja ya karɓo aro daga wani abokinsa mai niyyar sayarwa, aka ba su mako biyu su yi shawara. Kuɗin da aka sa musu ya haura fanshon Alhaji na wata shida, domin tun da aka saki darajar naira cikin watan Yuni na 2023 duk abin da ya ƙetaro teku ya yi tashin gwauron zabi. Ɗan ya ce zai biya rabi. Sauran rabin kuwa, in za a biya, daga kuɗin da aka ware na irin doya da leburorin kunya zai fito. Nan gardamar take.

Alhaji ya ce ba za a yanke hukunci a tsakar gida ba, sai an je inda aka haifi maganar. Da asubar Jumma'a muka ɗora jakunkunan a bayan tsohuwar motarsa muka kama hanyar Jos.

Daga Lafiya zuwa Akwanga an faɗaɗa hanya ta zama tagwaye. Duwatsun Eggon suna tsaye cikin hazo kamar raƙuma a durƙushe. Mun wuce gangaren nan da direbobi suka yi wa suna da Turanci mai ma'anar "da yawa sun tafi", kowa ya yi addu'a a ransa. Daga Akwanga muka karkata arewa ta Andaha da Gwantu da Fadan Karshi, muka ɗan ratsa gefen Jihar Kaduna. A nan Alhaji ya nuna yamma ya ce ƙauyen Nok yana can, inda masu haƙar kuza suka tono kawunan mutum-mutumi na yumɓu, waɗanda Bernard Fagg ya tattara har aka buɗe gidan tarihi na Jos cikin 1952. Mutanen wancan zamani sun san narka tama, an kuwa sami matoyansu a Taruga waɗanda suka haura shekara dubu biyu. Na ce masa ashe ƙasar da ta san ƙarfe tun kafin haihuwar Annabi Isa ita ce yau take jiran a aiko mata da sandar bugun ƙwallo daga ƙetare. Ya ce in bar tsokana in riƙe kujera, ga Hawan Kibo.

Motar ta yi nishi, ta yi tari, ta dai hau. Da muka kai bisa sai iska ta sāke, kowa ya jawo hular sanyi. Mata suna bakin hanya da kwandunan dankalin Turawa da kabeji da tumatir. Muka wuce duwatsun Riyom da suke ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su, gonakin Birom kewaye da shingen ƙyarana, sa'an nan tuddan jar ƙasa da tafkuna masu zurfi waɗanda haƙar kuza ta bari. Muka sami Jumma'a a Bukuru.

A hanyar nan ne ya koya mini bambancin masu ƙarar biyu, kuma da ya fassara shi da harshen maƙera sai na gane. Tsofaffin ƙira ne, sababbin zubi ne. Na ƙira, ana gasa guntun ƙarfe mai taushi a buge shi da injin guduma har ya ɗauki siffa. Kansa siriri ne, ƙeyarsa a shafe, nauyin duka yana tattare a tsakiya, bayan wani ɗan wuri da bai fi tsabar kobo ba. In ƙwallo ta sami wannan cibiya, sai ka ji kamar ba ka bugi kome ba, ta tafi inda ka aike ta. In ta kauce da faɗin yatsa guda, kan ya murɗe a hannunka, ƙwallo ta faɗi a rabin hanya, zafin bugun kuma ya bi ƙota ya hau har gwiwar hannu.

Wani injiniya haifaffen Norwe mai suna Karsten Solheim, wanda ya kafa kamfanin Ping a Amurka cikin 1959, shi ya yi fice wajen sauya wannan. Ya rarake ƙeyar ƙarfen ya yi mata kwarmi, ya mai da nauyin zuwa gefuna. Mai karatu ya dubi ɗan garuwa mai garwa biyu a bakin sanda. In ka ture garwa ɗaya ba ya saurin juyawa, domin nauyin yana can ƙarshen sanda ta kowane gefe. Da a tsakiyar kafaɗa aka tara nauyin, da taɓawa kaɗan ta wadatar a juya shi. Haka kan ƙarfe mai kwarmi yake, ko an kuskure cibiya ba ya murɗewa sosai, ƙwallo takan yi kusa da inda aka nufa. Irin wannan siffa tana da wuyar fitarwa da guduma a wancan lokaci, sai aka koma zubi: a siffanta kan da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a narkar da kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Wannan fa ita ce dabarar da maƙeran tagulla na Ife da Binin suka daɗe suna aiki da ita. Samfurin Ping Eye2 na 1982 ya cika filayen duniya, daga nan kowane kamfani ya bi sahu. Na yanzu har sukan cusa wani ƙarfe mai nauyin gaske da ake kira tangistan a gindin kai, su sirantar da fuska ta riƙa ɗan lotsawa tana cilla ƙwallo.

Ita ma ƙota ta sha sauyi. Da can ta itace ce, sai cikin 1929 hukumar wasan ta St Andrews ta halatta ta ƙarfe. Daga shekarun 1970 aka soma yin ta da wani baƙin zare mai suna garafayit, wanda aka naɗe aka daskarar da ƙaro. Irin wadda ake yi wa dattawa nauyinta kusan rabin na tsohuwar ƙotar ƙarfe ne, tana kuma shanye girgizar bugu kafin ta kai hannu. Sababbin ƙarafan da ɗan Alhaji ya kawo irin wannan ƙota gare su.

Ran Asabar da hantsi muka isa filin Rayfield. 'Yan kulob ɗin suna ƙidaya shekarunsu daga 1913, suna kuma cewa nasu ne fili mafi tsufa a Nijeriya, ko da yake in ka je Kano za ka sami masu ja da wannan magana. Turawan kuza ne suka share shi domin hutun ƙarshen mako. A zamanin da Alhaji ya koyi wasa, kewayen rami a filayen Arewa ba ciyawa ba ce kore kamar yadda ake gani a talabijin, yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai aka daddaɓe, ana ce masa burawun, wani yaro yana jan buhu a kai yana share sawu. Kada mai karatu ya raina wannan. A kan irin wannan yashi aka yi gasar Nijeriya a Ikoyi, wadda Sandy Lyle ya ci cikin 1978, Vijay Singh kuma ya ci cikin 1988 da 1989, dukansu biyu kuwa daga baya sun ɗauki manyan kofunan duniya. A nan ne ma Peter Tupling ya gama zagaye huɗu da bugu 255 cikin 1981, abin da ya girgiza masu lissafin wasan.

Muka sami wani dattijon kadi, watau mai ɗaukar jaka, wanda ya san Alhaji tun yana saurayi. Waɗannan mutane su ne malaman wasan na gaskiya a ƙasar nan, da yawa daga cikin ƙwararrunmu daga ɗaukar jaka suka taso. Ya zaro tsohon ƙarfe mai lamba bakwai, ya shafa fuskarsa da babban yatsa, ya ce, "Yallaɓai, har yanzu kana tare da 'yan Baturen nan?" Da aka gaya masa abin da ya kawo mu, sai ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, ya juye ƙwallaye a wurin gwaji, ya tura yaro can nesa ya tsaya.

Alhaji ya buga goma da tsohon bakwai, sa'an nan goma da sabon bakwai. Ba sai an auna ba, na sabon sun wuce da kamar yadi ashirin. Ni da ban san kome ba har na buɗe baki zan yanke hukunci. Kadi ya ɗaga hannu, ya zaro tsohon mai lamba biyar, ya haɗa fuskarsa da ta sabon bakwai, ya ɗaga su sama ya ce in duba. Kwanciyarsu ɗaya, kamar tagwaye.

A nan asirin yake. Babu dokar da ta ce ga yawan kwanciyar da ƙarfe mai lamba kaza zai yi. A shekarun 1970 mai lamba bakwai yakan kwanta digiri 36 zuwa 40. Na yanzu da ake yi wa masu wasan nishaɗi yakan tsaya a 28 zuwa 30, an kuma ƙara wa ƙotarsa tsawo. Kamfanoni suna cewa dole ce ta sa, wai tun da nauyi ya koma gindi ƙwallo tana tashi sama da yawa, sai an miƙar da fuska. Akwai gaskiya a ciki. Amma ni a ganina akwai kuma wayon 'yan kasuwa, domin dattijon da ya ga bakwai ɗinsa ya kai inda biyar take kaiwa sai ya ɗauka ƙuruciya ce ta dawo, ya zaro kuɗi. Mudu ne aka sāke wa suna. Bugu da ƙari, Jos ta haura mita 1,200 bisa teku, iskarta ba ta da kauri, kowace ƙwallo takan ƙara 'yan yadi a kan abin da za ta yi a Lafiya, saboda haka mai gwaji a nan sai ya rage wa zuciyarsa murna.

Alhaji ya dube ni yana murmushi, yana ganin ya ci shari'a. Kadi ya ce tukuna, ya miƙa masa tsohon biyar ɗin ya ce ya buga goma. Uku suka tashi da kyau, suka faɗi tare da na sabon bakwai. Sauran bakwai, wata ta yi dama, wata ta bi ƙasa kamar gafiya, biyu suka faɗi a rabin hanya. A ta takwas na ga ya yamutsa fuska ya kama gwiwar hannu. Da sabon bakwai kuwa, guda bakwai cikin goma sun taru wuri ɗaya, zane guda zai rufe su, kuma bai ko taɓa hannunsa ba. Mutumin da yake gama ramuka 18 da bugu casa'in da wani abu, alhali ƙwararre yana gamawa da saba'in da biyu ko ƙasa, ba kullum yake samun cibiya ba, kuma shekara saba'in ba ta ƙara wa mutum saiti. Wannan karon Alhaji bai ce kome ba.

Muka shiga fili. A nan kuma tsofaffin suka rama. Ƙasar hunturu ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, ciyawa ta ƙone. Gindin sabon ƙarfe fāffaɗa ne, an yi shi domin lallausar ciyawar ƙasashen da ruwa ba ya yankewa, inda yake zamewa a kan ciyawa ba ya nutsewa. A kan tsandauri sai ya daki ƙasa ya yi tsalle, bakinsa ya sari ƙwallo a ciki, ta fita da gudu ta ƙetare rami ta faɗa bayan duwatsu. Sau uku haka ta faru a bugun kusa. Tsohon mai lamba tara kuwa, da siririn gindinsa, sai ya shiga ƙarƙashin ƙwallo ya ɗauke ta tsaf kamar an ɗebe ta da cokali. Da rana ta take iska ta taso daga arewa maso gabas, ƙwallon da sabon ƙarfe ya cilla sama sai iska ta yi awon gaba da ita, alhali Alhaji ya san yadda zai danne tsohon nasa ta tafi ƙasa-ƙasa. Shekara 37 yana riƙe da su, ya san halin kowanne kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Kadi ya ce da damina, in ciyawa ta yi kauri ƙasa ta yi laushi, labarin zai juya.

Akwai kuma wani giɓi da ya nuna mana. Tun da an miƙar da fuskokin sababbin duka, ƙaraminsu na bugun kusa ya tsaya a wajen digiri 43 ko 44, na fidda ƙwallo daga yashi kuwa yana nan a 56 kamar yadda aka saba. Tsakaninsu babu kome, sai an sayi wani ƙarfe ko biyu a cike. Wanda ya sayi sabon jeri, ashe bai gama biya ba.

Su ma tsofaffin bai ƙyale su ba. Ya ce robar mariƙinsu ta ƙeƙashe ta zama kamar ƙahon sa, shi ya sa Alhaji yake damƙe su da ƙarfi, damƙar nan kuwa tana cikin abin da yake ba gwiwar hannu wahala. Tsagen fuskar mai lamba tara ya soma shafewa a tsakiya. Ya kaɗa mai lamba huɗu kusa da kunnensa, muka ji tsatsa tana zuba a cikin ƙota, ya ce wannan wata rana za ta karye a hannu. Sai dai kan ƙira yana da taushi, ana iya ɗaure shi a lanƙwasa a gyara kwanciyarsa, abin da na zubi ba ya jurewa sosai. Ya kuma gargaɗe mu game da na jabu da suka yi yawa, masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, fenti kamar na gaske, amma ba a san abin da aka zuba a ciki ba.

Da muka zauna a gindin itacen turare muna shan shayi, Alhaji ya ce, "To, Malam, yanke."

Na ce ni dai a nawa ganin hannu ya fi irin doya tsada, in gwiwar ta ƙi, babu wasa babu tafiya, sai zaman kujera da ƙwayoyin asibiti. Amma ban ga dalilin sayen ƙarfe bakwai ba alhali uku ne suke da aiki. Kadi ya ce abin da yake bakinsa ke nan. A ajiye tsofaffin uku da huɗu da biyar da shida, a nemo sababbin shida da bakwai da takwas masu ƙotar garafayit, ko da na hannu ne, su maye gurbinsu. Daga tsohon bakwai zuwa ƙasa a bar su, a sāke musu roba mai kauri da taushi. Alhaji ya ƙirga da yatsu, ya ce ashe zai riƙa yawo da bakwai biyu da takwas biyu a jaka ɗaya, abokan wasa su ce ya ruɗe. Kadi ya ce, "Yallaɓai, ƙwallo ba ta iya karatu ba."

Ran Lahadi muka gangaro Hawan Kibo da buhun dankali a bayan mota, muka iso Akurba da magariba, zafin ƙasar Lafiya ya tarye mu tun daga Akwanga. Da dare ɗan ya bugo waya. Na ji Alhaji yana cewa a mayar wa mai kaya da kayansa tare da godiya, in zai raba jerin ya sayar da uku, to, a yi ciniki. Can na ji muryar yaron yana cewa, "Baba, ba zai raba ba, wa zai sayi sauran?" Alhaji ya ce to ya sa ido a Abuja da Kaduna, akan sami waɗanda suka rabu da 'yan'uwansu, shi ba ya sauri, in ya sayar da doyar da take rumbu cikin watan Maris sai a yi magana. Roba dai ya aiko da ita cikin makon nan.

Da safe kafin in kama hanya ya ja ni bayan gida, inda aka tone doya aka bar kunyoyi a baje. Nan yake gwajinsa kullum bayan sallar asuba, jikokinsa suna tsinto masa ƙwallaye yana biyansu da alewa. Ya kafa gwangwanin madara a nesa, ya buga shida da tsohon tara, biyu suka faɗi kusa da shi. Tsohon mai lamba uku kuwa, wanda Baturen kuza ya taho da shi daga Ingila, na gan shi a jingine a ƙofar rumbu. Uwargida ta riga ta karɓe shi, ta ce tsawonsa ya yi daidai da kakkaɓo mangwaro in lokacinsa ya zo, kafin nan kuma yana maganin macijin da yake shiga cikin doya.